Babi na Bakwai: Mutumin Tagulla na Kasuwar Rum

A tsakiyar tsohon birnin Rum akwai wani dandali da ake kira Campo de' Fiori, wato filin furanni. Tun 1869 kasuwa ke ci a wurin. Da sassafe 'yan gwari kan kafa rumfunansu, a jera tumatir da kayan miya da 'ya'yan itatuwa, masu furanni su tare gefe guda. Kafin la'asar an kwashe komai, 'yan shara sun wanke ƙasa, masu gidajen abinci sun fito da kujeru. Duk wannan hada-hada a gindin wani mutum-mutumi na tagulla ake yin ta, wanda ke tsaye bisa dogon dutse, ya yi duhu saboda ruwa da rana na shekara fiye da 130.

Sanye yake da doguwar rigar 'yan zuhudun Kirista, mai kokuwa irin ta alkyabba, ya jawo kokuwar ta sauko masa har goshi, ta yadda ko rana tana tsaka fuskarsa a inuwa take. Kansa a ɗan sunkuye. Hannuwansa a harɗe suke bisa wani littafi da ke rufe, irin harɗewar da in ka hango daga nesa sai ka rantse ɗaure su aka yi. Ba ya wa'azi, ba ya nuna kowa da yatsa. Ya dai juya fuska wajen hayin kogin Tiber, inda fadar Fafaroma take. Rubutun da ke jikin dutsen gajere ne: kwanan wata, 9 ga Yunin 1889, sai bayanin cewa zamanin da Bruno ya hango tun daga nesa ne ya kafa masa wannan, a nan inda wutar ta ci.

Wutar da ake nufi ita ce wadda aka ƙona Giordano Bruno da ita, da ransa, ranar 17 ga Fabrairun 1600. Masu ja-gorar baƙi kan taƙaita labarin a numfashi ɗaya, su ce ga masanin kimiyya da coci ta kashe, ga kuma 'yantacciyar Italiya ta rama masa. Labarin ya fi haka karkacewa.

An haife shi a 1548 a Nola, wani ƙaramin gari kusa da Naples, mahaifinsa soja. Filippo aka raɗa masa. Giordano sunan da ya ɗauka ne da ya shiga ɗariƙar Dominikan a 1565. Tun yana ɗalibi aka ga take-takensa, domin ya kwashe hotunan waliyyai daga ɗakinsa ya bar gicciye kaɗai. An naɗa shi limamin coci a 1572, amma bayan shekara huɗu sai ga tuhuma: an ce yana kare waɗanda suka yi jayayya da aƙidar Triniti, an kuma gano littattafai masu sharhin Erasmus, waɗanda aka haramta karantawa, ɓoye a makewayi. Bai jira shari'a ba. Ya gudu a 1576, daga baya ya tuɓe rigar.

Daga nan ya shiga yawon da ya ci masa shekara goma sha biyar, kuma kusan duk inda ya sauka da rigima ya tashi. A Geneva, cibiyar mabiya Calvin, ya buga takarda a 1579 yana lissafa kurakurai ashirin da wani babban malami, Antoine de la Faye, ya tafka a darasi guda. Aka kama shi, aka hana shi shiga jibin coci, aka sa shi ya nemi gafara. A Faris, Sarki Henry na Uku ya kira shi fada don ya ji ko haddarsa ta ban mamaki baiwa ce ko tsafi, shi kuwa ya nuna masa cewa dabara ce da ake koyo. A Oxford a 1583 malamai suka dakatar da laccocinsa, suna zargin ya kwaso su ne daga littafin Marsilio Ficino. A Helmstedt ta ƙasar Jamus, a 1589, shugaban cocin mabiya Luther ya yanke shi daga jama'a. Katolika, mabiya Calvin, mabiya Luther: ɓangarori uku da ke yanka juna a lokacin, ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, amma kowannensu ya ga Bruno ya ce a kai kasuwa.

Shekarunsa mafi albarka su ne na Landan, 1583 zuwa 1585, a gidan jakadan Faransa, Michel de Castelnau. A nan ya rubuta littattafai shida da Italiyanci, a nan kuma ya faɗi abin da ya sa ake tunawa da shi. Kofanikus ya riga ya ce ƙasa ce ke kewaya rana, amma ya bar sararin sama da iyaka, kamar yadda magabata suka bar shi. Bruno ya ce babu iyakar. Ya ce taurarin da muke gani ranaku ne irin tamu, kowace da duniyoyinta masu kewaya ta, kuma babu abin da zai hana a sami halittu a cikinsu. Ya faɗi haka shekara ashirin da biyar kafin Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa ya dubi sama. Bai auna komai ba, bai gwada komai ba, lissafinsa ma ba abin a zo a gani ba ne. Hujjarsa ta malamin tauhidi ce: Ubangijin da ikonsa ba shi da iyaka, ta yaya halittarsa za ta tsaya a wani bango? Mai karatu zai so ya ji cewa yana girmama Ibn Rushd ƙwarai, har ya rubuta cewa wannan Balarabe, duk da bai iya Girkanci ba, ya fahimci Aristotal fiye da Girkawan da shi Bruno ya karanta.

Tarkon da ya kama shi a Venice aka ɗana. Wani ɗan babban gida, Giovanni Mocenigo, ya gayyace shi a 1591 ya koya masa dabarun hadda. Da ɗalibin ya ga bai sami sirrin da yake kwaɗayi ba, malamin kuma yana shirin komawa Frankfurt, sai ya kulle shi a ɗakin sama, ya kai ƙararsa kotun binciken aƙida a watan Mayun 1592. A gaban alƙalan Venice Bruno ya amsa cewa tun yana ɗan shekara goma sha takwas yake da shakka a kan Triniti, ya durƙusa ya nemi gafara, kuma da alama da a nan maganar za ta mutu. Amma Rum ta nemi a miƙa mata shi, majalisar Venice kuma, bayan ɗan ja-in-ja, ta ga babu ribar ɓata wa Fafaroma rai saboda wani ɗan zuhudu mai gudun hijira. A Fabrairun 1593 aka kai shi Rum.

Shekara bakwai ya yi a tsare. Tuhume-tuhumen sun haɗa da musun Triniti, da musun allahntakar Almasihu, da cewa rai na ƙaura daga jiki zuwa jiki, da sihiri, da kuma batun duniyoyi masu yawa. A 1599 Robert Bellarmine, masanin tauhidi mafi kaifi da coci ke da shi a lokacin, ya tsamo maganganu takwas daga rubuce-rubucensa da amsoshinsa, aka ce ya janye su ya tsira. Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da masu yabo ba su cika son faɗa ba. Bruno ya yi ta kai gwauro yana kai mari. Yau ya ce zai janye, gobe ya aika wa Fafaroma Clement na Takwas takardar kare kansa. Mutum ne mai son ya rayu. Sai a watan Disamba ya tsaya cak, ya ce ba shi da abin janyewa, bai ma san me ake so ya janye ba. A ganina wannan jinkirin ya ƙara masa daraja, domin ya nuna ya san abin da ke jiransa, ya auna shi da kyau, sannan ya zaɓa.

Ranar 8 ga Fabrairun 1600 aka karanta masa hukunci yana durƙushe. Wani Bajamushe da ke wurin, Kaspar Schoppe, ya rubuta a wasiƙa cewa Bruno ya ce wa alƙalan mai yiwuwa tsoron da suke ji wajen yanke hukuncin ya fi nasa wajen karɓarsa. A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata a lura da ita. Dokar coci ta hana malamanta zubar da jini, saboda haka kotun kan miƙa wanda ta samu da laifi ga hukumar gari, har da roƙon a sassauta masa, alhali kowa ya san abin da miƙawar ke nufi. A Rum ta 1600 wannan rarrabewa wasan yara ce, domin Gwamnan Rum da aka miƙa wa Bruno ma'aikacin Fafaroma ne. Mai rawanin addini shi ne mai sandar mulki. Bayan kwana tara, da asuba, aka fito da shi da takunkumi a baki don kada ya yi wa jama'a magana, aka tuɓe shi, aka ɗaure a jikin gungume. A 1603 aka sa dukkan littattafansa cikin jerin haramtattu.

Daga nan aka yi shekara fiye da ɗari biyu ba a cika ambatonsa ba, sai a bakin 'yan falsafa ƙalilan. Siyasa ce ta tono shi. Ranar 20 ga Satumban 1870 sojojin sabuwar masarautar Italiya suka fasa ganuwar Rum a kusa da ƙofar Porta Pia, mulkin Fafaroma a kan birnin ya ƙare bayan shekara fiye da dubu. Fafaroma Pius na Tara ya shige Batikan ya ce shi fursuna ne, ya ƙi amincewa da sabuwar ƙasar. Gari ɗaya, sarakuna biyu, kowa na kallon ɗan'uwansa a matsayin ɗan fashi. Sabuwar gwamnati na neman gwarzayen da za ta cika dandali da su, don ta nuna wa mai wucewa cewa garin ya sake hannu, kuma a wannan kasuwa babu hajar da ta kai mutumin da Fafaroma ya ƙona.

Ɗaliban Jami'ar Rum ne suka fara yunƙurin tara kuɗi a 1876, abin ya yi sanyi. A 1884 Fafaroma Leo na Goma Sha Uku ya fitar da wasiƙa mai zafi yana la'antar ƙungiyar Firimason, sai wutar ta sake tashi. A 1885 aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa mai sunaye masu nauyi: Victor Hugo da Ernest Renan daga Faransa, Herbert Spencer daga Ingila, Ernst Haeckel daga Jamus, Henrik Ibsen daga Norway. Kuɗi ya samu. Fili ne ya gagara, domin majalisar birnin Rum tana hannun masu goyon bayan coci, suka yi ta jan ƙafa, daga baya suka ƙi fili ƙarara. Ɗalibai suka yi ta zanga-zanga. Wanda ya warware ƙullin shi ne Firaminista Francesco Crispi, tsohon na hannun daman Garibaldi, ɗan Firimason. A ƙarshen Disamban 1887 ya tsige magajin garin Rum, Leopoldo Torlonia, saboda ya je ya miƙa gaisuwar taya murna ga Fafaroma ta hannun wakilinsa. A zaɓen 1888 masu adawa da coci suka yi rinjaye a majalisar, kafin shekarar ta fita aka ba da filin.

Wanda ya yi aikin, Ettore Ferrari, haifaffen Rum ne na 1845, ɗan majalisar dokoki, mai ra'ayin jamhuriya, wanda daga baya ya shugabanci Firimason na Italiya daga 1904 zuwa 1917. Siffar da ya fara fitarwa ta wani Bruno ce mai ɗaga hannu sama, yana ƙalubalantar alƙalansa. Ba a karɓe ta ba, sai ya dawo da wannan mai sunkuyar da kai. Da an bar ta farko, da yau tana cikin ɗaruruwan mutum-mutumin ƙarni na 19 masu ɗaga hannu da babu mai ɗaga kai ya dube su. Takurawar da aka yi masa ce ta tilasta shi ya zuba duk fushin a cikin kafaɗu da inuwar kokuwa da hannuwan da suka danne littafi. Mai zanga-zanga kana iya ba shi amsa. Wanda ya yi shiru ya zuba maka ido, shi ne ke hana barci.

Zaɓen tagulla ma magana ce. Mai sassaƙa kan gina siffar da yumɓu, a ɗauki gurbinta da farar ƙasa, sannan aiki ya koma hannun maƙeran zubi. Tsohuwar hanyar da Italiya ta shahara da ita, wadda maƙeran Ife da Benin su ma suka ƙware a kanta tun ƙarnuka da suka wuce, ita ce a shafa kakin zuma daidai kaurin da ake so ƙarfen ya yi, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a kwarara narkakken jan ƙarfe da aka gauraya da kuza a gurbin da ya bari. Wato wuta ce ke haifar da siffar. Waɗanda suka tsayar da Bruno na tagulla a inda aka mai da Bruno na tsoka toka sun san abin da suke yi.

Amma wurin da ya fi cancantar a daɗe a tsaye shi ne gindin dutsen. Akwai allunan tagulla uku da ke nuna shi yana koyarwa a Oxford, yana gaban kotu, da kuma kan gungume. Sama da su akwai fuskoki takwas a cikin da'irori, na mutanen da aka tsananta wa saboda ra'ayinsu. Jan Hus, wanda aka ƙona a Constance a 1415 duk da takardar aminci da sarki ya ba shi. John Wycliffe na Ingila, wanda ya mutu a gadonsa a 1384, aka tono ƙasusuwansa aka ƙona a 1428. Aonio Paleario, da aka rataye a Rum a 1570. Petrus Ramus, da aka kashe a kisan gillar Faris na 1572. Paolo Sarpi na Venice, da ya sha wuƙa a 1607 ya rayu. Sauran ukun su ne suka ɓata wa masu taƙaita labari lissafi. Tommaso Campanella ya yi shekara 27 a kurkukun Naples a hannun hukumar Sifaniya. Vanini, majalisar shari'ar birnin Toulouse ce ta sa aka yanke masa harshe aka ƙona shi a 1619. Michael Servetus kuwa, likitan nan ɗan Sifaniya, 'yan Furotesta ne suka ƙona shi a Geneva a 1553, da sa hannun Calvin. An kafa dutsen don a tsone wa Batikan ido, amma duk wanda ya zagaya shi a hankali zai ga ashanar ta bi hannuwa da yawa: na fada, na fasto, na alƙali, na sarki. Sai a 1991 wani masanin tarihi ɗan Sweden, Lars Berggren, ya lura da wata 'yar ƙaramar fuska da Ferrari ya ɓoye a da'irar Vanini, ta Martin Luther, wanda mabiyansa suka kori Bruno a Helmstedt.

Ita kanta siffar ba ta rasa nata gyaran fuska ba. Babu wani hoton Bruno da aka tabbatar an zana yana raye. Mafi tsufa da ake da shi na 1715 ne. Fuskar da ke ƙarƙashin kokuwar ta tunanin Ferrari ce. Shaidun zamaninsa sun ce ɗan ƙaramin mutum ne siriri mai yawan magana, ga shi an mai da shi ƙato mai shiru. Rigar kuwa, wadda ya tuɓe ya gudu, wadda kotu ta raba shi da ita a hukumance, ita aka mayar masa har abada, domin ɗan zuhudun da coci ta ƙona ya fi ɗan falsafa mai yawo amfani a fagen siyasa. Sihirinsa da imaninsa cewa kowane abu na da rai babu su a jikin dutsen.

Ranar Lahadi 9 ga Yunin 1889, wadda ta dace da idin Fentikos, aka yaye ƙyallen a gaban dubban mutane da tutocin ƙungiyoyi. Giovanni Bovio, ɗan falsafa kuma ɗan majalisa, wanda ya tsara rubutun jikin dutsen, shi ya yi jawabi. Fafaroma Leo ya wuni yana azumi da addu'a a gaban mutum-mutumin Waliyyi Bitrus a cikin babbar cocinsa, wanda shi ma na tagulla ne. A ƙarshen watan ya tara kadinal-kadinal ya yi tir da bikin, har aka yi ta raɗe-raɗin zai bar Rum.

Gwamnatin da ta tsaya wa 'yancin tunani a wannan rana, mako biyar kafin nan ta ƙulla yarjejeniyar Wuchale da Sarki Menelik na Habasha, yarjejeniyar da kwafinta na Italiyanci ya mai da Habasha 'yar amshin shatan Italiya alhali na Amharik bai ce haka ba. A 1894 Crispi ya tura soja suka murƙushe ƙungiyoyin manoma da leburori na Sisili, ya rushe jam'iyyar gurguzu. Kashin da sojojinsa suka sha a Adwa a 1896 ne ya kawo ƙarshensa.

Sai kuma 1929. A watan Fabrairu shugaban gwamnatin Italiya, Musolini, ya sasanta da Batikan ta yarjejeniyar Lateran, masu kishin coci suka ga dama ta samu, suka nemi a cire mutum-mutumin. Musolini ya tashi a majalisa a watan Mayu ya ce yana nan inda yake, babu mai taɓa shi. Mai wannan magana shi ne ya haramta Firimason a 1925, ya rufe jam'iyyu da jaridun adawa a 1926, kuma a ranar da yake kare Bruno, ɗan adawa Antonio Gramsci na kurkukun Turi yana zaman hukuncin shekara ashirin. Matacce mai tunani bai dame shi ba, ya ma yi masa amfani wajen nuna wa Fafaroma iyakarsa. Ferrari, wanda 'yan Fasist na Musolini suka sha farfasa masa ɗakin aiki, 'yan sanda kuma suka sa masa ido, ya mutu a watan Agustan wannan shekara. A 1930 Fafaroma Pius na Goma Sha Ɗaya ya ɗaga Bellarmine zuwa matsayin waliyyi.

Kowace 17 ga Fabrairu ƙungiyoyin masu rajin 'yancin tunani kan taru a dandalin su ajiye furanni. Da aka cika shekara 400 a 2000, sakataren Batikan, Kadinal Angelo Sodano, ya aika saƙo yana bayyana takaicin coci a kan kisan, amma ya ce ra'ayoyin Bruno ba su dace da aƙidar Kirista ba, kuma alƙalansa sun yi ƙoƙarin ceton ransa. Ba a wanke shi ba. Mai son ya auna wannan magana da takardun shari'ar zai tarar cewa babban kundin na Rum ya ɓace. Napoliyon ya kwashe ma'ajiyar takardun Batikan zuwa Faris a 1810, kuma da aka zo mayar da su bayan faɗuwarsa, an sayar da ɗimbin kundayen kotun binciken aƙida ga masu sarrafa takarda don a rage kuɗin dako. Abin da ya tsira shi ne bayanan zaman Venice, da hukunce-hukuncen kotun, da wani taƙaitaccen kundi da mai kula da ma'ajiyar, Angelo Mercati, ya gano a 1940 a cikin takardun Pius na Tara, ya buga shi a 1942.